Sunan da Aka Ja wa Layi

Nabilah tana cikin motar haya daga Kuje, a matse tsakanin taga da wata mai buhun doya, ta buɗe shafin jaridarsu a waya don ta ga labarinta. Kanun ya yi kyau, har ta yi murmushi. Da ta gangara sakin layi na biyu sai murmushin ya daskare a fuskarta.

Ga sunan Perpetual Danjuma nan zaune, cikakke, har da sashen da take aiki. An ja masa wani siririn layi ta tsakiya, wanda ko mai hakiya zai karanta abin da ke ƙarƙashinsa. A gabansa kuma an rubuta "wata ma'aikaciya".

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" in ji Nabilah, da ƙarfin da ya sa mai doya ta dafe ƙirji tana tambayar wa ya rasu.

Perpetual ma'aikaciya ce a wata masana'antar sabulu a Idu. Ita ta gaya wa Nabilah yadda ake sa su dama sinadari ba safar hannu, ta nuna mata tafukanta da suka saɓule. Sharaɗi ɗaya ta kafa, kada sunanta ya fito, domin aikin nan shi ke riƙe da ita da 'ya'yanta. Nabilah ta rantse mata da Allah.

Jaridar tasu ƙarama ce, a intanet kawai take fita. Da tsarin da ake kira Markdown suke rubutu: kana buga maganarka ne tsura, kana ɗan sa alamomi. Ka kewaye kalma da taurari bibbiyu, ta fito da kauri a shafi. Ka kewaye ta da wata 'yar lanƙwasasshiyar alama mai kama da tsutsa, biyu gaba biyu baya, ta fito da layi a kanta. Wannan ta ƙarshen ita ce masoyiyar editansu, Malam Bello.

Malam Bello ya yi rayuwarsa a ma'aikatar tarayya kafin ya yi ritaya, kuma har gobe a can zuciyarsa take. A wurinsa goge rubutu aikin marasa gaskiya ne. A fayil ba a gogewa, layi ake ja, sannan mai buga tafireta ta tsallake abin da aka soke. Shi ne ma ya kafa dokar a rubuta masa sunan gaskiya a daftari, don edita ya san da wa aka yi magana. In ya gama soke-sokensa, Zaid mai kula da shafi ne ke bi ya share kafin a wallafa. To Zaid ya tafi Zariya bikin sunan ɗan yayarsa, ya bar wa Malam mabuɗin shafin, wato kalmar sirrin shiga.

Nabilah ta kira Malam Bello.

"Malam, kai ka saki labarin Idu?"

"Ni ne mana," ya amsa, muryarsa fal alfahari. "Jiya da la'asar. Ashe abin ba wuya, yaron nan yake ta ja mana rai."

"Malam, sunanta yana kai!"

"Wane suna? Na soke shi da hannuna."

"Ka buɗe ka gani, don Allah."

Ta ji yana lalube, yana neman tabarau. Da ya dawo, ba ta taɓa jin muryarsa haka ba.

"Subhanallahi. Nabilah, ai na soke. Me ya sa shafin ya buga abin da aka soke? Wace irin na'ura ce ba ta san an soke abu ba?"

Ba ta da lokacin yi masa bayanin cewa umarnin da ya ba na'urar ke nan, ta nuna kalmar da layi a kanta, ta kuwa nuna. Ta karɓi mabuɗin a bakinsa, ta shiga ta waya, motar na faɗawa ramuka yatsanta na zamewa, ta cire sunan da alamominsa gaba ɗaya. Ta sabunta shafin, ya fito tas. Har ta fara sauke ajiyar zuciya, sai ta leƙa wurin sharhi. Wani ya riga ya ɗauki hoton shafin tun jiya ya liƙa, ya zagaye sunan da ja, ya rubuta wai jaridar nan ta iya rufa asiri. Mutane suna ta dariya a ƙarƙashi.

Ta kira Perpetual, ba a ɗaga ba. Ta sake kira, haka. Ba ta ƙarasa ofis ba, ta sauka a hanya ta nemi abin hawa zuwa Idu, tana ta addu'a a ranta. Manajan wurin ba ya jin Hausa, wataƙila ma bai san da jaridar ba. Da wannan ta riƙa lallashin kanta har bakin ƙofar masana'antar.

A can ta sami Perpetual, zaune a kan wani bulo a waje, da baƙar leda a cinya. Takalmin aikinta ne a ciki da kwanon abinci. Ba ta kuka, kuma Nabilah ta so a ce kukan take yi.

"Anti Perpetual, wallahi tallahi ba ni ba ce. Kuskure aka yi a ofis, na riga na cire."

Perpetual ta ɗago ta dube ta.

"Kin cire," ta ce a hankali. "Oga ya print shi tun safe, ya manna a notice board. Shi ba ya ji Hausa fa, ko kalma ɗaya. Duk takardan nan sunana kawai ya iya karantawa."

"Za mu je mu yi magana da shi. Editanmu da kansa zai zo, akwai lauya ma da muke..."

"Abeg, sister." Ta ɗaga hannu, tafin nan a saɓule. "Ku kun yi magana ya isa."

Ƙofar ta buɗe, wasu mata uku suka fito ɗauko kaya daga mota. Ɗayarsu Linda ce, wadda ta yi wa Nabilah alkawarin ita ma za ta ba da nata labarin. Suna haɗa ido Linda ta sunkuyar da kai, ta sa sauri ta koma ciki.

"Ni na ce musu kina da amana," in ji Perpetual. "Na ce su jira su ga nawa tukuna. To sun gani."

Ta miƙe, ta kaɗe bayan zanenta, ta tsai da keke. Nabilah ta bi ta tana cewa ta bari ta raka ta gida, ko ta zauna su yi shawara. Perpetual ta shiga ta zauna, ta rungume ledarta.

"Yara suna gida," ta ce, ba ta kalle ta ba. "Da safe na ce musu sai yamma. Ina so in yi tunani a hanya abin da zan faɗa musu."

Keken ya ja. Wayar Nabilah tana ta ruri a jaka, Malam Bello ne, ta kasa sa hannu ta ɗauko.