Wasiƙun da Gara Ta Ci

Shekara biyu da rasuwar mijinta Ernest, Ladi ba ta taɓa buɗe akwatinsa na katako ba. Yana nan a ƙarƙashin gado, a ɗakinsu na laka a Kakuri. A ciki akwai wasiƙu goma sha ɗaya da ya aiko mata daga ƙasar Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Ita ba ta iya karatu ba. Da ya dawo, shi yakan karanta mata su da bakinsa, yana dariya. Yanzu jira take 'yarsu Celina ta iya karatu a makarantar mishan.

Da lambun alayyafo take ci da su. Daminar 1957 wani ƙwaro mai sheƙi ya faɗa wa ganyen, yana huda shi kamar rariya. Kullum da asuba tana tsince su, tana barbaɗa toka.

Wata safiya maƙwabcinta, Baba Ibrahim, ya nuna mata surin da ke tasowa a gindin bangonta.

"Maman Celina, ki bari in kira masu diga su tone wannan."

"Baba, me gara ta yi mini? Ga mai cin abincina nan a kan ganye."

"Wannan ai a gabanki yake ci, in kin yanke ganyen wani ya toho. Gara kuwa ba ta sallama, sai ta gama ake sani."

Ta ce sai bayan damina.

Ranar wata Lahadi, bayan sun dawo daga coci, Celina ta karanta mata shafi guda na littafinta ba tuntuɓe. Ladi ta wanke hannu, ta durƙusa ta jawo akwatin. Murfin ne kawai ya biyo ta. Gindin ya zama ƙasa, gara fara fat tana ta warwatsewa.

Ta yi ta tona laka da yatsu har ta sami guntun takarda, bai kai tafin hannu ba. Ta miƙa wa yarinyar.

"Karanta."

"Ya ce, 'In Allah ya dawo da ni, zan...'" Celina ta juya bayan takardar. "Mama, saura babu. Zai yi me?"

Ladi ta buɗe baki. Ta sha jin wasiƙar nan, amma ta nemi ƙarshen maganar a ranta ta rasa. Ta zauna a ƙasa, ta rungume murfin akwatin. Washegari ba ta leƙa lambu ba.