Filin da Ruwa Ke Isa a Ƙarshe

Shekarar da ofis ya ce a auna ƙwazon manoman rani, ni aka ba aikin, tunda ni ne malamin gonar wurin. Aka miƙo mini igiyar awo, da sikeli, da takarda mai gurbi huɗu: faɗin fili, taki, kwanakin aiki, amfanin da aka girbe. Ba wanda ya gaya mini abin da za a yi da sakamakon.

Filin kawuna ne na ƙarshe a magudanar ruwa. Sai gonaki arba'in sun sha sun ƙoshi kafin ya ga danshi. Da muka auna shinkafarsa, buhu tara ne da rabi.

"Rubuta gaskiya, ɗana," in ji shi. "Amma ka ƙara da cewa sau uku kacal ruwa ya iso ni bana."

"Babu gurbin ruwa a takardar, Kawu."

"To, me kuke aunawa ke nan?"

Na rubuta a gefen takarda, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Mai buga takardun ofis ta shigar da abin da ke cikin gurabe, ta bar na gefe.

Bayan wata guda aka manna jerin sunaye a ƙofar sito. Biyar ɗin ƙasa za a karɓe filayensu, a ba waɗanda suka fi ƙwazo. Kawu ne na arba'in da ɗaya.

Na je wurin shugabanmu na ce, "Yallaɓai, mutumin nan ba rago ba ne. Ruwa ne ba ya isa."

Ya juyo takardar ya nuna mini ƙasanta. "Sa hannun wane ne wannan?"

Sa hannuna ne. Na juya na fita.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya kwashe fartanyarsa da tsohon bokitinsa, ya koma gadi a injin niƙa. Tun daga ranar ya daina ce mini ɗana, sai Malam.

Filin aka ba wanda ya zo na ɗaya, mai gona a bakin madatsa. Da shekara ta zagayo na je na auna, buhu shida ya samu. Aka haɗa da na babbar gonarsa aka raba lissafin a kan faɗin filayen biyu, ya sake zuwa na ɗaya, har da takardar yabo. Ni aka sa na miƙa masa.