Kada a Sa Ta a Firi

Man ya ƙare mana a kan tudu, rana na tsaka.

Ba wata ƙara. Injin ya yi tari, ya yi shiru, jar fitila ta kama a gaban sitiyari. Motar kuwa ta ci gaba da tafiyarta kamar ba ita ba.

"Mene ne?" in ji Baba.

"Mai."

"To da me take tafiya?"

"Batir."

Motar ta Yaya ce, babbar 'yar gidanmu. Haibirid ce, mai cin fetur da lantarki. Ita ta saya, ni nake jan ta haya tun da na gama sakandare abin ya tsaya nan. Ranar ta ba ni ita in kai Baba wajen masu ƙyanƙyasar kaji. Yanzu kujerar baya cike take da kwalaye masu huji, cikinsu 'yan tsaki sababbin fitowa, sai kuka suke ba hutu.

Na Baba ne. Tun da ya ajiye tuƙin tirela ba abin da ya ƙara tashinsa daga kujera. Rediyo, gyangyaɗi, rediyo. Sai da maganar kaji ta shiga kansa. Da hannunsa ya kafa akurki a bayan gida, ya rataya fitilu, ya wanke mazuban ruwa har Umma ta ce ko kwanonta bai taɓa wankewa haka ba. Mai ƙyanƙyasar ya ja mana kunne da abu ɗaya. In mota na tafiya iska na shiga, lafiya lau. In ta tsaya a rana, zafi zai dafa su a cikin kwali.

Shi ya sa muka wuce gidan man farko, layi har kan titi. Na biyun babu mai. Baba ya ce mu wuce, ai Yaya kullum cika baki take motarta shinshinar fetur kawai take yi.

To, ta shinshine shi tas.

Na kashe esi, na'urar sanyaya mota, don shi ma batir yake sha. Na sauke gilasai duka. A allon gaba akwai hoton batir mai layi-layi. Saura biyu.

"Baba, ina gidan mai na gaba?"

"Bayan gangaren nan. Sai fili, sai ɗan hawa. Yana kan hawan."

"Da nisa?"

"Da nisa, Auta."

Abin da Baba bai sani ba shi ne batir biyu ne da motar nan. Akwai ƙarami, na fitilu da allo. Akwai babba a ƙarƙashin kujerar baya, daidai inda tsakin suke. Shi ke juya tayoyi in inji ya yi shiru, shi ne kuma ke tayar da injin kansa. In ya mutu murus, ko tanka guda ka juye mata ba za ta tashi ba. Ba a tura ta, ba a jona ta da batirin wani. Sai an ɗauke ta cak an kai inda ake da na'urar cajinsa. Na ga ta wani abokin aikina a garejin bakanike, ƙura har ta rufe lambarta.

Hancin motar ya sunkuya. Gangaren ya buɗe a gabanmu, dogo, yana lanƙwasa gefen dutse.

"Yawwa," in ji Baba, ya gyara zama. "Sa ta a firi."

"A'a."

"Kai, sa ta a firi mana. Haka ake yi in mai ya yi ƙasa. Tun kafin a haifi uwarka nake sauka gangaren nan."

Ya miƙa hannu zai fitar da ita daga giya. Na riƙe masa wuyan hannu.

Ban taɓa ba. A gidanmu ko muryata ba ta taɓa hawa kan tasa ba. Ya dubi hannuna, ya dube ni. Tsakin ma kamar sun rage murya.

"Yi haƙuri, Baba. In ta shiga firi ba ta caji."

"Cajin me? Injin a mace."

"Dubi allon."

Na sake shi. Na ɗora ƙafa kan birki a hankali, kamar mai taka ƙwai. A allon akwai kibiya da ke fita daga batir zuwa taya. Ta juya. Ta koma tana fitowa daga taya zuwa batir, koriya shar.

"In na taka birki a sannu, tayoyi ke juya injin lantarkin, ya zama janareto. Amma sai tana cikin giya."

Baba ya cire tabarau daga aljihu ya maƙala. Ya kai hanci kusa da allon. Can sai layi na uku ya fito.

"Kai!" Ya bugi cinyarsa. "Ya ƙaru! Auta, ya ƙaru!"

"Na gani."

"Wato birki ne ke haifar wuta?"

"Shi ne."

"La ila! Duk shekarun da na yi ina ƙona birki a gangaren nan, har hayaƙi na tashi, ashe wuta nake zubarwa a titi!"

Daga nan ya karɓe aikin. Ni sitiyari ne kawai a hannuna. Ya san kowace kwana, ya san inda gangaren ke tsananta da inda yake yaudara.

"Taka. A'a, ba haka ba, kana so ka tsaya ne? Lallaɓa ta. Yawwa, riƙe nan. Bayan kwanar can tana zubewa sosai, can za mu kwasa."

Muka sha kwana. Titi ya zube. Motar ta nemi ƙwacewa, na riƙe ta da tafin ƙafa, tana wani siririn fito daga ƙasa. Iska ta cika motar, ƙaiƙayin cikin kwalaye na tashi yana shiga mana ido. Layi ya ƙaru. Wani ya bi shi.

"Ci, 'yar albarka, ci!" Baba na bugun gaban mota. Ya juya baya ya yi wa kwalayen tsawa. "Ku kuma ku yi ta ihu, wuta muke girba!"

Na ji bakina ya buɗe da kansa. Dariya ce. Na daɗe ban ji ta ba.

Wata mota ta biyo mu tana hon, ta gaji ta wuce. Mai ita ya leƙo ya ce mu sayar mu sayi jaki. Baba ya ɗaga masa hannu kamar mai amsa gaisuwa.

Da muka hango ƙarshen gangaren batir ya haura rabi. Baba ya daina dariya.

"Yanzu sake ta."

"Saura kaɗan mu ƙara layi."

"Sake ta na ce. Wutarka ba za ta hau mana tudun can ita kaɗai ba. Gudu ake shiga fili da shi. Wannan kam ba a allo yake ba."

Na ɗage ƙafa. Motar ta zabura. Bishiyoyi suka fara wucewa fuu, muka faɗa filin da gudun da bai ci mana komai ba. Na hango hawan can gaba. Na ce a raina mun sha.

Sai ga tirela a gabanmu, ɗauke da bulo, tana rarrafe a tsakiyar hanya. Na leƙa in wuce, wata bas na tahowa. Bayanta wata. Dole na taka birki da ƙarfi. Gudun nan duk ya tafi a banza.

Baba ya fitar da kai ta taga. "Ɗan koyo! Wa ya ba ka mota? Matsa gefe, ka ɓata mana suna!"

Kafin mu samu mu wuce shi mun iso gindin hawan, ba gudu ko kaɗan. Na taka totur. Kibiyar ta koma fita. Layukan da muka tara suka riƙa zubewa, sun fi saurin tafiya a kan zuwa. Motar ta yi nauyi. Ina takawa tana amsawa da ƙyar, kamar mai ciwon ƙirji. Wata fitilar ta kama, allon ya fara ƙara.

Saura layi ɗaya.

Ga allon gidan man can sama, ja da fari, har ina iya karanta shi. Na karkata gefen titi na kashe mota.

"Me ka yi?" Baba ya zaro ido. "Ga shi can fa! Ko jifa na yi sai ya kai!"

"In na ja ta can, can za ta mutu. Layin nan na tayar da inji ne."

"Tsakin fa?"

"In ta mutu, Baba, har dare muna nan."

Ya dubi sama. Ba bishiya, ba rumfa, kwalta sai walƙiya take. Ya tuɓe rigarsa.

"To me kake jira? Ruga!"

Na ruga. Hawa ne, takalmin kuma silifa. Na isa gidan man maƙogwarona kamar an zuba yashi. Wata mata ce ke zuba mai, tana taunar cingam.

"Jarka," na ce. "Don Allah."

"Ba ma aron jarka, samari."

"Tsaki ne a mota. Za su mutu."

"Tsaki?" Ta dube ni sama da ƙasa. "Na ji an ce mai naƙuda, na ji an ce mara lafiya. Yau kuma tsaki." Ta shiga ciki ta fito da wata babbar jarka da mazurari. "Ka dawo min da ita, uban kaji."

Na ce ta cika. Ɗan kaɗan motar ba ta jin sa, kuma ba ni da damar gwaji da yawa. Na saɓa a kafaɗa na gangaro, man na kaɗawa yana jiƙa min wuya.

Na tarar an taru. Wata motar haya ta tsaya, maza sun fito. Baba ya sauke kwalayen ya jera su a 'yar inuwar jikin mota, ya lulluɓa musu riga, yana fifita su da tabarmar ƙafa. Daga shi sai singileti, gumi na ɗiga daga gemunsa. Wani mai jar hula ya riƙe wayar jona batir, sauran sun riga sun dafa bayan motar.

"Tsoho, shiga ka sa mata lamba biyu, mu tura!"

"Ku ɗaga hannu daga motar nan!" Baba ya daka musu tsawa bai daina fifita ba. "Ba a tura ta. Ba a jona ta. Wannan birki take ci."

"Birki?"

"Birki. Ku ba ku san zamani ba."

Mai jar hula ya dube ni. "Yaro, rana ce ta taɓa babanka?"

Wani abu ne ya dame ni. Kwalayen sun yi shiru. Tun safe nake roƙon su yi shiru, yanzu da suka yi sai na durƙusa gabansu. Na leƙa ta huji. Duk sun baje, baki buɗe, fukafukai a sake.

Na kafa mazurari na juye jarkar. Mutanen suka taya mu mayar da kwalaye. Na shiga. Baba ya tsaya a bakin taga ya riƙe ƙofa.

"Sau nawa za ka iya gwadawa?"

"Ban sani ba."

"To yi bisimilla."

Na yi. Na taka birki na danna maɓalli.

Allon ya kawo. Fitilu suka kama, suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya. Shiru. Motar nan ba ta gurnani in za ta tashi, ba ka da abin saurare sai zuciyarka. Na ji ƙas daga baya, babban batir ya haɗu. Injin ya girgiza, ya yi tari, ya ja iska. Ya sake tari.

"Tashi mana," in ji Baba a hankali. "Tashi, 'yar nan."

Ya kama.

Ihu ya tashi a bakin titi. Mai jar hula ya jefa wayarsa sama. Baba ya bugi rufin mota har sai da na tuna Yaya. Kibiya ta fito daga inji ta nufi batir. Na kunna esi har ƙarshe, na juya duk iskar baya.

Baba bai zauna gaba ba. Ya matsa cikin kwalayen, ya ɗora ɗaya a cinya ya buɗe. Ya tsiyaya ruwa a murfin gora, yana tsoma yatsa yana ɗiga musu a baki ɗaya-ɗaya. Na ja mota muka hau tudun. Na miƙa wa matar jarkarta, ta cika mana tanki, ta leƙa baya.

"Suna nan?"

"Muna dubawa," in ji Baba.

Biyu ba su tashi ba. Ya ɗauke su ya naɗe a hankici, ya riƙe su ɗan lokaci kafin ya ajiye gefe. Muna fita titi ɗaya ya yi kuka a kwalin ƙasa. Wani ya amsa masa. Kafin mu sha kwana motar ta rikice da ƙara, ta fi ta safe.

Baba ya lalubo waya ya kira Umma, yana ihu don ta ji shi.

"Kunna fitilun akurkin! Ki zuba ruwa, mai ɗan ɗumi! Eh, suna nan, ba ki ji su ba?" Ya kara wayar a bakin kwali. "To kin ji. Ki buɗe mana ƙofar baya, ga mu nan."