Kwalba Mai Zanen Alkama

Ranar Talata bayan la'asar maigidana Abdulghaffar ya aiko a kira ni sama. Ni ne mai fassara wasiƙun Turawa a ofishinsa na unguwar Bagdadiyya a Jidda, kuma shekara shida ina wannan aiki bai taɓa kirana ɗakinsa ba. Takarda ce ke saukowa, takarda ta hau. Na tarar an saki labule, kwandishan yana ruri, Othman direba yana tsaye jikin bango kamar an jingine shi. A kan tebur ga kwalba ɗaya da ƙaramin kofin shayi.

Othman mijin Bashira ne, ƙanwar matata Mastura, Allah ya jiƙanta. Daga cikin Hausawan Sudan ya zo kamar ni. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, da ta matarsa da 'ya'yansu huɗu duk a hannun Abdulghaffar suke, shi ne kafilinsu da ya tsaya musu a wajen hukuma. Ba zan ce ina ƙaunar Othman ba. Mutum ne mai cewa "ba matsala" tun bai ji mece ce matsalar ba.

"Rufe ƙofa, ya Idris," in ji Abdulghaffar da Larabci. Kakarsa Bakatsiniya ce da ta zo hajji a ƙasa, amma tun da ya fara samun kwangila Hausa ta daina fita daga bakinsa. Kunnensa dai bai manta ba, don haka babu yaren da zan yi wa Othman magana da shi a ɓoye.

Ya yi mini bayani a taƙaice. Ranar Alhamis injiniyoyi uku, Turawa, za su ci abinci a gidansa, kuma su ne za su ce wa za a ba ginin rumbuna a unguwar masana'antu. An gaya masa abin da suke so. Ya aiki Othman bakin tashar jiragen ruwa, ya sayo wajen wani ma'aikacin jirgi da kuɗin da ya fi albashin direban na wata uku.

"Barasa ce, bodka ta alkama, an ce babu irinta," ya ce. "Amma an ce akwai masu tsintar kwalaben nan su cika da sadiki. Ka ji labarin mutanen bara."

Na ji. Sadiki ita ce barasar da ake dafawa a bayan gida, kuma bara ta makantar da mutum biyu a unguwarmu.

"Kai ka yi shekara goma sha huɗu kana zuba wa Turawa giya a gidan jakada. Ka san abin. In ta gaske ce, shi ke nan. In jabu ce, wannan ya cuce ni ko ya tsaya an cuce ni, duk ɗaya. Gobe in soke iƙamarsu, jirgin Asabar ya mai da su Bur Sudan."

"Ya sidi, shekara tara ke nan da na bar sha."

"Ban ce ka sha ba. Cewa na yi ka ɗanɗana."

"Wane malami ne ya raba maka su?"

Bai yi dariya ba. Othman ya ce da Hausa, "Yaya Idris, wallahi hannu da hannu na karɓa. Kwana biyu kawai ta yi a gida, cikin buhun shinkafa."

Abin da Abdulghaffar bai sani ba shi ne, ba don tsoron bulala na bari ba. Mastura ce ta riƙe hannuna a asibiti kwana uku kafin ta cika, ta sa na rantse ba zan ƙara sha ba. Ba ta roƙe ni komai ba a zamanmu sai wannan, kuma ta jira sai lokacin da ba zan iya musu ba.

Na ɗauki kwalbar. Gilashi mai nauyi, takarda mai kyau, zangarniyar alkama biyu da ruwan zinariya, rubutu da baƙaƙen Rasha. Duk wannan na gaske ne. Sai na juya ta wajen fitila na duba jan kakin da aka rufe bakinta da shi. Kakin masana'anta sumul yake. Wannan yana da ɗan baƙin hayaƙin kyandir a gefe, da shatar babban yatsa, ƙarami. An buɗe ta, an sake rufewa.

In na faɗi haka, Asabar Bashira tana cikin jirgi. In na ce lafiya lau ban taɓa ba, Turawa uku na iya makancewa a teburin Abdulghaffar, kuma a ranar ba jirgi za a nema wa Othman ba. Saura hanya ɗaya, in ɗanɗana da kaina, ita ma ta idona za ta bi, kuma in ban da karatu ban san abin da ya rage mini ba.

Na fasa kakin da farce, na zuba rabin kofi. Abdulghaffar ya ja kujerarsa baya, ya rufe hanci da gefen gutrarsa, ƙyallen da ke kansa.

"Ba na jin wari," ya ce ta cikin ƙyallen.

"Mai kyau ba ta da wari. Tsadar duk ta cire warin ce kake biya."

Na ɗaga kofin. Bakina ya fara bismilla da kansa, na katse shi. Na kurɓa, na riƙe a kan harshe ina jiran wuta.

Babu wuta. Ruwa ne. Ruwan randa mai sanyi, wanda aka turara randarsa da ƙaron mustaka irin na mutanen Jidda, aka kuma jefa ɗan kajiji irin na gida. Gida ɗaya na sani da ke haɗa biyun. Uwar su Mastura da Bashira ce ta koya musu, kuma wannan ruwa na sha kowace rana shekara ashirin da biyu. Tun rasuwar ban taka gidan Bashira a unguwar Ammariyya ba, don muryarsu ɗaya da yayarta. Ban san cewa har ruwansu ɗaya ba ne.

Idona ya kawo hawaye, ban iya hana shi ba.

"Tana da ƙarfi ko?" in ji Abdulghaffar, ya matso.

"Ƙwarai."

Na ga yadda aka yi kamar ina wurin. Bashira ta sa hannu ɗibar shinkafa ta ci karo da kwalba. Ta buɗe, ta sansana, ta tuttule a rariya, ta wanke, ta cika daga randa, ta narka kakin ta danne da yatsa. A ganinta fari fari ne, kuma ta raba mijinta da zunubi. Bature kuwa kurɓa ɗaya zai yi ya ajiye kofi ya dubi mai gida.

"Sai na ƙara," na ce. "Ba a yanke hukunci da kurɓar farko."

Na cika kofin, na sha a hankali, don ina bukatar lokaci, don kuma ina so.

"Tana sauka ba ta karce maƙogwaro," na ce. "Sanyi a gaba, ɗan ƙamshi a baya wanda ba ya saurin tafiya. Ban taɓa zuba wa jakada abin da ya kai ta ba. Abin da ka biya bai kai darajarta ba."

Othman ya sauke numfashi har na ji daga inda nake. Abdulghaffar ya saki gutrarsa, ya miƙo hannu.

"Kawo in ga abin da suke mutuwa a kai."

Yatsunsa sun riga sun taɓa kofin. Ban janye ba.

"Bismilla. Sai dai tana kwana biyu a numfashin wanda bai saba ba. Wa ke tsayawa kusa da kai a sahun magariba?"

Ya mai da hannunsa, ya goge a jikin riga.

"Abu ɗaya ne," na ce. "Da ni ne, ba zan ɗora ta a tebur ba."

"Yanzu ka gama yabonta."

Na juya masa takardar. "Ka iya karanta wannan?"

"Turanci ne."

"Ba Turanci ba ne. Rubutun 'yan gurguzu ne, daga ƙasarsu ta fito. Baƙinka za su gane tun daga bakin ƙofa, kuma Bature in ya sha abu mai daɗi sai ya ba da labari. Maganar giya kana da mutanen da za su kashe maka ita. Amma in aka tambaye ka ta wace hanya kayan 'yan gurguzu ke zuwa gidanka, da wa kake hulɗa a jiragensu, wa za ka kira?"

Na ga gumi ya tsattsafo masa a saman leɓe. Ya juya kan Othman.

"Kai, jaki, ba ka da ido?"

"Ka ce ya kawo wadda ta fi kowace, ya kawo," na ce. "Kai ma Turanci ka ɗauka. Kuma wanda aka kora, ya sidi, tambayoyi ake masa a tasha kafin ya hau jirgi. Wanda ke tuƙa ka kullum babu mai tambayarsa komai."

Ya daɗe yana kallona. Ban san ko kakarsa ce ta faɗa masa wani abu ba.

"Zubar da ita," ya ce. "Yanzu, a gabana. Ka ƙona takardar, ka farfasa kwalbar. Turawan su sha lemo. Kai kuma Othman, yalla, je ka wanke mota."

Na zubar a bahon wanke hannu na ɗakinsa, shi yana tsaye nesa da hanci a rufe. Zubar da ita ya fi shanta yi mini wuya.

A kan matakala Othman ya cim mini, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Yaya Idris, ka karya rantsuwa saboda 'ya'yana. Bashira ta gaya mini alkawarin da ka yi wa marigayiya. Ban san da wane baki zan..."

"Sake ni, gilashi ne a aljihuna."

"Ba ka jin jiri? In kai ka gida?"

"Ka tafi gida kai. Ka sami wani wurin ɓoye abu ban da buhun da matarka ke buɗewa sau biyu a rana. Kuma ka ce wa Bashira mustakarta ta ɗan yi yawa. Yayarta rabin haka take sawa."

Ya saki hannuna. Na sauka matakala uku kafin na waiwaya.

"Ka ce mata Juma'a ina nan zuwa bayan masallaci. Kada ta dafa komai."