Gurbi Biyu a Aji Huɗu

Takardar sallama daga aiki ta iso ranar Juma'a, aka saka ta a akwatin wasiƙun Loretta Pruitt da ke ɗakin malamai. Ina tsaye wajen tukunyar kofi ta buɗe ta. Ta karanta, ta linke, ta cusa a aljihun rigar sanyinta, sannan ta ɗauki donat.

"To, Denise," ta ce wa malamar da ke gefenta, "wurin ajiye motata da kike hari shekara goma, ga ki ga shi."

Denise ta fara dariya, sai ta dubi fuskar Loretta, dariyar ta tsaya.

Mu uku ke koyar da aji huɗu: Loretta, mai shekara ashirin da bakwai a bakin allo, saura biyu ta sami cikakken fansho, Denise, sai ni da ko shekara ban cika ba. Tun da aka rufe masana'antar taya yara ke raguwa a garin, hukumar ilimi ta ce baɗi gurbi biyu ne kawai. A da, wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita, wato ni. Amma majalisar jiha ta yi sabuwar doka. Yanzu sakamakon jarrabawar yara ake dubawa, malamin da ajinsa ya fi ja baya shi ke tafiya.

Ni kuwa na san abin da ya ja ajin Loretta baya.

A watan Agusta, kafin a buɗe makaranta, mun zauna raba yara. Kowane yaro da katinsa, malaman aji uku sun rubuta halinsa a kai. Aka yi kashi uku, aka turo mini nawa. Loretta ta miƙo hannu ta jawo shi, tana lasar yatsa tana dubawa.

"Wannan cizo yake yi. Wannan har yanzu ba ta iya haɗa baƙi ba. Wannan gida uku ya zauna bara." Ta zare bakwai, ta maye mini da bakwai daga nata. "Haka ake yi a nan, 'yata. Ba a ba sabuwar malama masu wuya, in ba haka ba kafin Kirsimeti a same ki kina kuka a banɗaki."

"Ni ma ta yi mini," in ji Denise. "Duk da haka sai da na yi kukan."

Na ce na gode a hankali, ban ma san ko ta ji ba.

Ranar Litinin na je ofishin shugaban makaranta, Mista Kessler. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, don na san muryata kan gudu ta bar ni. Na karanta masa tun daga farko har ƙarshe ban ɗaga kai ba.

Ya cire tabarau, ya murza ido. "Na sani, Nora. Shekara goma sha ɗaya ina kallo ana wannan rabon."

"To a rubuta musu mana."

"A rubuta wa wa? Makin daga babban birnin jiha yake zuwa. Su ba su san wane ne ke cizo ba." Ya buɗe durowa ya zaro fom. "Hanya ɗaya ce. Ki sa hannu cewa yaran nan bakwai naki ne a jerin farko, a mayar da makinsu kanki. Na riga na gwada lissafin. In aka yi haka, ke ce a ƙasa."

Ya miƙo mini fom ɗin.

"Kuma ban ce za su karɓa ba. Suna iya cewa an yi wasa da jeri, ku tafi ku biyun. Zuwa Juma'a za a rufe."

Fom ɗin ya yi kwana huɗu a jakata. Na cike sunana, na cike sunayen yaran bakwai, na rubuta kwanan wata. A gundumar nan duka babu makarantar da ke ɗaukar malami bana, na duba. Juma'a ta zo ta wuce, layin sa hannu na ƙasa bai ga biro ba.

A makon ƙarshe na shekarar karatu na sami Loretta a ajinta tana cika kwali da littattafan da ta saya wa yara da kanta. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Ki shigo ko ki fita, kina tare mini iska."

Na shiga. "Na je wurin Kessler."

"Ya gaya mini."

"Ban sa hannu ba."

"Da kin sa, da na ce ba ki da hankali." Ta ja salatif ta rufe kwalin, ta danne da tafin hannu. "Baɗi in an zo rabo, kar ki ɗauki na kowa. Kina ji na?"

Na ce ina ji.

Ta daɗe tana kallon kwalin. "Amma fa duk makon can, da wayar aji ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in ce ko daga ofis ne, za a ce kin sa hannu."

Ta sunkuya ta riƙe gefe ɗaya na kwalin.

"Kama can," ta ce. "Da nauyi."