Dikin Ɗin Da Aka Tsallake

Mutum shida ne suka durƙusa a gaban bagade domin a keɓe su su zama dikin, wato masu taimaka wa firist a hidimar majami'a, amma biyar kaɗai Baba Bishop ya ɗora wa hannu.

Mama ta gani da idonta. Tana zaune a kujerar gaba, inda matar bishop ke zama, ba ta sunkuyar da kai kamar sauran jama'a ba, domin wata takwas ke nan ba ta rufe ido in mijinta yana tsaye a gaban mutane. Tun ranar da likita ya tura ƙofa ya ce musu mantuwar nan ba ta gajiya ba ce, kuma ba za ta ja da baya ba. Baba ya ɗora hannu a kan na farko, ya yi addu'a. Haka na biyu, haka na uku. Sai ya tsaya cak, idonsa ya tafi can saman taga kamar wanda aka kira daga nesa. Da hankalinsa ya dawo, ƙafarsa ta riga ta yi gaba. Hannunsa ya sauka a kan na biyar.

Na huɗun shi ne Katikis, dattijo mai furfura, wanda ya shekara ashirin da uku yana riƙe da ƙaramar majami'a a inda hanyar mota ta ƙare, yana wa'azi, yana ziyarar marasa lafiya, yana jiran wannan rana. Bai ɗaga kai ba. Aka rataya masa mayafin dikin a kafaɗa tare da sauran, aka miƙa masa Sabon Alkawari, ya karɓa.

A gefen mawaƙa kuwa wakilin Akbishop na zaune da tabarau. An ce gaisuwa ya kawo. Mama ta san ba gaisuwa ba ce: raɗe-raɗi ne suka kai sama, aka turo shi ya duba ko Baba zai iya ƙarasa shekara biyun da suka rage masa a kujera.

Da aka tashi gaisuwar salama, mawaƙa suka ɗauki doguwar waƙa, Baba ya shiga ɗakin sauya tufafi don ya shirya wa Jibin Ubangiji. Mama ta bi shi.

Ɗakin ƙarami ne, yana warin kafur da kyandir. Hotunan bishop-bishop na dā suna jere a bango, fanka na juyawa tana ƙara. Mataimakinsa, wanda kowa ke kira Rabaran Agogo saboda yawan duba tsintsiyar hannu, yana cire masa babbar alkyabba.

"Mama, yi haƙuri, minti bakwai gare mu," in ji shi.

"Shekara arba'in ina goge rigar da kake cirewa, yau kai ne za ka yanka mini lokaci? Rufe ƙofar."

Baba ya juyo yana murmushi, irin murmushin da ya sa ta bar gidan ubanta ta bi malamin makaranta mai keke ɗaya da takalmi ɗaya. "Maman yara, kin gani? Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba."

Ta so ta bar shi da wannan murmushin, har ranta ta so. Amma ta kama hannunsa.

"Biyar ka yi."

"Shida."

"Biyar, Baban yara. Ka tsallake Katikis."

Ya dubi Rabaran Agogo. Rabaran ya dubi ƙasa.

"Kai ma ka gani?"

"Na gani, ranka ya daɗe. Amma ni kaɗai ne, sai Mama. Kowa kansa na ƙasa. Baƙon ma ina jin littafi yake dubawa." Ya matso, ya rage murya. "Ga shawara. A gama sujada lafiya. Da yamma in kawo Katikis ƙaramin ɗakin addu'a na gida, ka ɗora masa hannu, mu uku, a rufe magana. Takardarsa ta fita da kwanan watan yau. Ba wanda aka cuta."

Baba ya zauna a kan benci. Shekara goma sha tara yana riƙe da sandar nan. Ya sami majami'u goma sha ɗaya, yau sun haura hamsin. Ya sasanta dattawan da suka shekara ba sa gaisawa, ya binne firistocin da shi ya koya musu karatu. Makarantar horar da masu hidima da ya kafa saura rufin aji biyu, kuma ya sha gaya wa Mama cewa ba ya roƙon komai sai ya ga an buɗe ta yana kan kujera.

"In na fita na faɗa," ya ce a hankali, "kafin Litinin labari ya kai."

"Kafin a gama waƙar nan ma," in ji Rabaran.

Mama ta ji bakinta yana faɗin abin da ba shi ya kawo ta ba. "To a yi da yamman mana. Allah ai yana ɗakin addu'ar ma." Hawaye ya zubo mata. Ita ce ke rubuta masa sunayen mutane a ƙaramar takarda tana sa masa a aljihu, ita ce ke amsa waya ta ce yana hutawa. Ta gaji da ɓoyewa, amma ganinsa a tsaye ana nuna shi da baki ya fi ƙarfinta.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Katikis ne. Ya turo kai, sannan ya shigo ya durƙusa. Ya cire mayafin, ya naɗe shi a hannu.

"Baba, a gafarce ni. Ban ji hannunka ba. Na ce ko furfurar ce ta yi kauri." Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "An ce ni zan riƙe ƙoƙo a wajen Jibi. Ba zan iya tsayawa da wannan a kafaɗa ba alhali na san ba a ba ni ba. Zan ce cikina ya murɗa, in fita ta baya. Wanda ya jira shekara ashirin da uku, ɗaya ba za ta kashe shi ba. Kada dai a ji kunyarka saboda ni."

"Mutanenka fa?" in ji Baba.

"Sun cika mota biyu. Za su yi surutu, su gaji."

Rabaran Agogo ya duba hannunsa. "Baitin ƙarshe suke, ranka ya daɗe."

Baba ya dubi dattijon da ke durƙushe. Sannan ya ce, "Ɗazu na tambayi jama'a ko sun yarda a keɓe ka, suka amsa da baki ɗaya. A gabansu aka fara. Ni ne na hana bishop ɗin da na gada keɓe ɗan ƙanwarsa a falo, kun manta? Ni dai wannan ban manta ba tukuna." Ya miƙe. "Mayar mini da alkyabbar."

"Baban yara…"

Ya dafa kafaɗarta. "Kin ɗauke ni wata takwas. Sauke haka nan, bayanki zai karye."

Suka fita. Waƙar na mutuwa, Baba ya ɗaga hannu, mai molo ya tsaya. Majami'a ta yi tsit, har ana jin kukan jariri daga can baya. Mama ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta riƙe katako.

"Jama'ar Allah," in ji shi, "na yi kuskure. Mutum shida kuka kawo mini, na ɗora wa biyar hannu, na tsallake ɗaya ban sani ba. Ba yau na fara irin wannan ba. Ina da ciwon mantuwa, likita ya gaya mini tun bara, na ɓoye muku. Ku yafe mini."

Guna-guni ya tashi kamar ruwa a kan kwano. Wata tsohuwa ta ce "Wayyo Baba!" da ƙarfi. Wakilin Akbishop ya cire tabarau.

Baba ya juya wajensa. "Ɗan'uwa, an aiko ka ka duba. Taso ka duba da kyau. Riƙe mini littafin, in na kauce ka mayar da ni."

Mutumin ya taso ya karɓi littafin da hannu biyu. Katikis ya durƙusa shi kaɗai a gaban dogon bagaden. Baba ya ɗora tafukansa a kan furfurar, ya danna sosai har kan dattijon ya sunkuya, ya karanta addu'ar kalma bayan kalma, yatsan baƙon na bin layi. Da ya kai ƙarshe, Amin ɗin da jama'a suka amsa sai da tagogi suka ɗauka. Kafaɗun Katikis na girgiza.

Baƙon ya rufe littafin, ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma Mama ta ji. "Ranka ya daɗe, dole in faɗi abin da na gani."

"Faɗi duka. Wasiƙar ajiye aikina za ta bi ka a mota ɗaya."

Ya juya zai hau bagade, sai ya tsaya a mataki na biyu, yana duban teburin, yana duban jama'a. Rabaran Agogo ya lallaɓo ya kai baki kusa da kunnensa.

"Ɗaga murya, Rabaran," in ji Baba. "Me ya rage kuma da za a raɗa? Me ke biye?"

"Jibin Ubangiji, ranka ya daɗe."

"To. Dikin, tashi ka kawo ƙoƙon."