Molda Ta Koma Baya

Takalma bakwai ne a ƙarƙashin tebur, an tara su wuri guda, Molda tana kwance tana gadinsu. Tun da Gavril ya sayar da tumakinsa bara, karyar ta rasa abin kiwo, ta koma kiwon duk abin da ta samu. Kaji sun sha wuya a hannunta. Har fada, limamin coci, da ya zo yi wa gidan addu'a sai da ta kora shi kusurwa, ta tsare shi a can. Ba ta cin abinci a kwano, sai an jefa mata dunƙulen mamaliga, tuwon masara, a ƙasa, yadda ta saba a kan tsauni.

Ranar Asabar Veturia, 'yar Gavril, ta zo daga birni. Kafin ta iso ya yi aski, ya sa farar riga, ya ƙone tsumman da yake tari a ciki. Wata biyu ke nan yana tofar da jini. Ya san muddin ta ji, motar da ta kawo ta ce za ta tafi da shi, shi kuwa ya ga yadda maƙwabta suke tafiya asibitin birni, ya ga yadda ake dawo da su. Tsoro yake ji, ba wani abu ba.

"Baba, ka rame."

"Ke kuma kin yi ƙiba. Sai ki sam min."

"Ina mahaukaciyar nan taka ta kai min takalmi ɗaya?"

"Yana cikin garke. Sai da safe ake sakinsu."

Ta yi dariya, shi kuma hankalinsa ya ɗan kwanta.

Da la'asar suka hau tudu za su kabarin mahaifiyarta. Molda dai ba a san ta da bin baya ba. Kullum tana gaba, tana zagaye, tana shiga sharo ba shanu. A zamanin kiwo abu ɗaya ne yake mayar da ita baya: tunkiyar da ciwo ya kama. Tun kafin idon mutum ya gani za ta manne mata, hanci dab da ƙafarta, ba haushi, ba cizo.

Suna wuce gonar maƙwabci Molda ta bar Veturia, ta koma bayan Gavril. Ya ji numfashinta a agararsa. Ya yi mata fito irin na "wuce gaba", ya sake yi. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa ƙin wannan fiton ba, yau ko kunne ba ta ɗaga ba.

Veturia ta tsaya.

"Tun yaushe take bin ka haka?"

"Tsufa ne. Ta fara rikicewa."

"Baba, ina yarinya ni nake shafa wa tumaki marasa lafiya jan fenti in uwar karyar nan ta bi su. Ita ma na ga aikinta. Sau nawa ta taɓa kuskure?"

Gavril ya dubi karyar. Ta zauna a kan ƙafarsa, kunne ɗaya a karye, wanda kyarkeci ya yaga mata a kan tumakinsa. Ya yi wa fada ƙarya, ya yi wa 'yarsa, amma ya kasa ɓata wa Molda suna.

"Ko sau ɗaya," ya ce.

Can ya gyara hularsa, ya dubi hanyar da ta gangara birni.

"Motar taki tana ɗaukar kare?"